Wata huɗu ina keto kafin takardar gwajin jini ta tsayar da ni

Abinda ya kaini ga keto ba wani dogon nazari bane, tumbi ne da yawan gajiya da kuma wata lamba da likita ta zagaye min da biro. Shekarata 41 lokacin, nauyina kilo 94, tsawona kuma bai wuce mita 1.74 ba, in na hau bene hawa biyu sai na tsaya na maida numfashi. Naje gwajin jini na shekara sai ga HbA1c ɗina 6.0, wato gwajin nan da yake nuna matsakaicin sukarin jininka na kusan wata uku, daga 5.7 zuwa 6.4 ana cewa kana bakin ƙofar ciwon suga ne, in ka taɓa 6.5 ka shiga. A wannan takardar dai akwai na kitsen jini, kuma wallahi ko kallon kirki ban masa ba lokacin, amma Allah ya taimakeni ban yar da takardar ba. Jimillar kolestarol 205, HDL wanda ake cewa kolestarol mai kyau 41, LDL wanda ake cewa mai illa 126, wani kitsen jinin tiraigilisarayid wanda suke rubutawa TG kuma 190, duk a ma'aunin mg/dL. Ku riƙe waɗannan lambobin dan zamu dawo kansu.

Keto dai a taƙaice shine ka yanke sitaci da sukari kusan gaba ɗaya, ƙasa da giram 50 a rana wasu ma 20 suke tsayawa, sai ka cike gurbin da mai da kitse har ya zama kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin da kake samu daga abinci mai ne. In jiki ya nemi sukarin da zai ƙona ya rasa sai hanta ta fara narka kitse tana fitar da wasu sinadarai da ake kira kiton, su ƙwaƙwalwa da tsoka suke komawa amfani dasu. Kuma asalinsa ma ba dan rage ƙiba akayi shi ba, a 1921 wani likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya saka masa sunan, dan yara masu farfaɗiya, har yau kuma ana amfani dashi a wannan fannin ƙarƙashin kulawar likitoci. Ni dai ba likitan da ya ɗorani, ni na ɗora kaina, na ajiye shinkafa da burodi da taliya da dankali da lemon kwalba a rana ɗaya.

Satin farko na sha wuya. Ciwon kai, jiri in na miƙe da sauri, da daddare tsokar ƙafa ta ɗaure min har sai na tashi zaune, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Daga baya na gane cewa sukarin da jiki yake ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan ninki ukun nauyinsa, in ajiyar ta ƙare ruwan sai ya fita ya tafi da gishiri, shi yasa kilo 3 da na zubar a kwana goman farko yawanci ruwa ne. Da na ƙara gishiri da ruwan sha sai abin ya lafa. Akwai kuma warin bakin nan mai kama da ruwan goge farce, matata ce ta fara faɗa min, asetone ne yake fita ta numfashi. Na sayi ƴar na'urar auna kiton ta ɗigon jinin yatsa, ranar da na fara ganin 1.2 murna kamar me, tunda daga 0.5 ake cewa ka shiga.

Daga sati na uku kuwa sai komai ya sauya, kuma bazan ɓoye wannan ba dan gaskiya ce. Yunwar nan ta ƙarfe sha ɗaya da take sa hannuna rawa ta ɓace, baccin da yake danneni bayan abincin rana ya tafi, ina iya wuni da cin abinci sau biyu ba tare da na damu ba. Wata huɗu na sauko kilo 80, bel ɗina sai da na ƙara masa huda biyu, duk wanda ya ganni sai yace kai me kake sha haka. Toh amma ga abinda nake ci, dan anan matsalar take kwance. Da safe kofi ne da cokali biyu na bota da cokali ɗaya na man kwakwa a ciki, sai ƙwai huɗu soyayye da bota. Da rana nama mai kitse, ina zaɓar inda yafi maiƙo da gangan, da cuku a kai. Da dare kaza da fatarta ko naman rago da ɗan ganye kaɗan wanda shima a bota nake juyashi, in kwaɗayi ya taso in sha kirim. A tunanina tunda ance mai ne abincin to duk mai ɗaya ne, wanda yafi daɗi shi zan ɗauka.

Ban koma gwaji dan ina zargin wani abu ba, na koma ne dan in nunawa likita cewa na gyara sukarina da kaina. Na kwana ban ci komai ba awa 12 sai ruwa, aka ɗebi jini da safe, washegari na karɓi sakamako na buɗe tun a tsaye. HbA1c 5.4, alhamdulillah. TG daga 190 ya faɗo 80. HDL daga 41 ya hau 58. Sai idona ya sauka kan layin da aka sakawa alamar tauraro, LDL 214, jimilla 288. Na karanta sau uku, na duba sunan da yake saman takardar ko ta wani aka bani. Tawa ce. Gabana ya faɗi sosai dan mahaifinmu bugun zuciya ne yayi ajalinsa yana da shekara 59, Allah ya jiƙansa, kuma ranar da safe lafiyarsa ƙalau ya fita. Ana cewa jiki magayi, amma a wannan maganar jikina bai gaya min komai ba, ban taɓa jin daɗin jikina kamar a wannan watan da LDL ɗina yake 214 ba.

Kafin in ga likita sai da nayi kwana biyar ina karance karance da kallon bidiyo har tsakar dare, kuma abinda nake nema ba gaskiya bace, wanda zai ce min ba komai nake nema, kuma na samesu da yawa. Wani yace ai in HDL yana sama TG yana ƙasa to LDL ba abin damuwa bane. Wani yace LDL ɗin masu keto manya ne masu laushi basa shiga bangon jijiya, ƙanana ne masu illa. Wani yace jikinka da kansa yake ƙera kolestarol dan yana buƙatarsa, ta yaya abinda jiki yake yi zai cutar da kai. Na haɗa duk wannan na rubuta a waya na tafi dashi asibiti kamar mai zuwa kare kansa a kotu.

Likitar ta ajiye tsohuwar takarda da sabuwa gefe da gefe, tayi shiru tana kallo, sannan tace Malam da farko dai sannu da ƙoƙari, wannan sukarin da TG ɗin aiki ne babba kayi, bazan rage maka shi ba. Amma wannan 214 ɗin bazan barka ka tafi dashi ba. Tace daga 190 zuwa sama ko mutum bashi da wata matsala ta daban ana ɗaukarsa da muhimmanci har a fara maganar magani, ƙasa da 100 shine ake so, 130 zuwa 159 ya fara hawa, 160 zuwa 189 yayi yawa. Nace likita amma ai ance in HDL yana da kyau shikenan. Bata yi fushi ba, ta jawo kujera tace in bata minti goma.

Abinda ta bayyana min shine abinda yafi tsaya min a rai a duk tafiyar nan, bari in faɗa yadda na fahimta. Gaskiya ne jiki yana buƙatar kolestarol, dashi ake gina bangon ƙwayoyin jiki da wasu homon da bitamin D da ruwan maɗaciya, kuma mafi yawansa jiki ne yake ƙerawa, ba daga abinci yake zuwa ba. Amma tunda mai baya gauraya da ruwa to baya iya yawo a jini shi kaɗai sai an ƙunsheshi a wasu ƙananan ƙunshi, LDL ɗaya ne daga cikinsu. A jikin hanta akwai wasu abubuwa kamar ƙugiya da suke cafko LDL daga jini su shigar dashi ciki, wasu masana biyu Michael Brown da Joseph Goldstein su suka gano wannan har aka basu kyautar Nobel a 1985. Kitse mai daskarewa, irin na bota da kitsen nama da cuku da man kwakwa, in yayi yawa yana sa hanta ta rage yawan ƙugiyoyin nan, sai LDL ya daɗe yana yawo a jini yana taruwa. Kuma ba wai a cikin jijiya yake taruwa kamar datti a bututu ba, cikin bangon jijiyar yake kutsawa ya maƙale, jiki ya turo masa ƙwayoyin kariya, wajen ya kumbura a hankali shekara da shekaru, wata rana ya fashe jini ya daskare a wajen ya toshe hanya. Tace lissafin na yawa ne sau shekaru, wata huɗu a 214 ba shine zai kasheka ba, shekara goma a haka shine abin tsoro.

Kan maganar manya da ƙanana kuwa tace eh ƙananan sun fi saurin shiga amma manyan ma suna shiga, mai ciwon kolestarol na gado da yawansu manyan ne dasu kuma suna samun bugun zuciya da ƙuruciya. Abinda yafi muhimmanci shine adadin ƙunshin, kuma akwai gwajin da yake ƙirgasu, ApoB, tunda kowane ƙunshi mai illa yana ɗauke da ApoB guda ɗaya tak. Na HDL kuma tace alama ce mai kyau amma ba garkuwa bace, an taɓa yin magunguna da suka ɗaga HDL sama sosai amma basu rage bugun zuciya ba, ɗaya daga ciki ma torcetrapib a 2006 dole aka dakatar da gwajinsa saboda mace mace sun ƙaru a cikin masu sha. Wannan ya kashe min baki gaskiya, dan shine babban abinda na dogara dashi.

Bata rubuta min magani ranar ba. Tace ruwa baya tsami banza, mu fara neman dalili. Ta sa a maimaita gwajin bayan sati biyu dan a tabbatar, ta ƙara da ApoB da na tayirod wato TSH saboda in ƙwayar maƙogwaron nan tayi sanyi LDL yana hawa, da na ƙoda da hanta, da wani Lp(a) wanda tace gado ne kuma yawanci sau ɗaya ake aunashi a rayuwa. Ta tambayeni ko a danginmu akwai mai yawan kolestarol tun yana yaro, ta duba idona da bayan diddigena tana neman wani kumburin kitse da yake fitowa masu na gado, tace wannan ciwon kusan mutum 1 cikin 250 yana dashi kuma da yawa basu sani ba. Amma tace tsohuwar takardar nan taka ta taimakemu, wanda yake da na gado da wuya a ganshi da 126 ba magani. Wallahi da ban ajiye takardar nan ba da yanzu muna ta lalube cikin duhu, bamu san ko dama can haka nake ba ko abincin ne. Ta kuma ce mutum in yana tsakiyar zubar da nauyi da sauri LDL kan iya ɗagawa na ɗan lokaci, amma bazata jingina 88 da ya ƙaru akan wannan kaɗai ba. Maimaicin ya fito 209, ApoB 146, tayirod lafiya, Lp(a) lafiya.

Sai ta sani aikin da ban taɓa yi ba, in rubuta duk abinda naci na kwana uku in lissafa kitse mai daskarewa a ciki. Cokali ɗaya na bota yana da kusan giram 7, na man kwakwa kusan 12 dan shi sama da kashi 80 cikin ɗari nasa mai daskarewa ne, yafi bota ma, ni kuma ina shansa ne a matsayin abin lafiya. Kofin safe kaɗai giram 26 kenan tun ban tauna komai ba. Da na haɗa na yini sai na tashi da wajen giram 80. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalori, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma ƙasa da kashi 6 take cewa, wajen giram 13 kenan ga mai cin kalori 2000. Na daɗe ina kallon lissafin nan. Ga ƙwai huɗu kullum kowane gwaiduwa da kusan miligiram 186 na kolestarol, duk da tace ƙwan ba shine babban mai laifi ba a wajen yawancin mutane, botar da nake soyashi da ita tafi shi. Faiba kuma kusan babu, tunda na kori wake da hatsi da ƴaƴan itace, shi yasa ma bayan gida ya zame min wahala duk watannin nan ina ta shiru da abin.

Nace mata likita ni fa bana so in bar keto, tsoron komawa kilo 94 nake. Tace to kada ka bari tukuna, mu canza man kawai mu gani, sati takwas. Na daina kofin bota gaba ɗaya, man kwakwa ya fita daga kicin, girki ya koma man zaitun. Nama mai kitse ya koma sau ɗaya a sati, sauran ranaku kifi mai mai irin sadin da makarel da salmon, ko kaza ba fata. Fiya kullum, almon da gyaɗa hannu ɗaya, ƙwai biyu maimakon huɗu, cuku ɗan kaɗan. Ganye kuma ya zama rabin faranti, kabeji da alayyaho da burokoli, na ƙara da ƴaƴan chia da garin silyum cokali ɗaya a ruwa kafin abinci. Shi wannan faiba mai narkewa yana kama ruwan maɗaciya a hanji ya fita dashi, sai hanta ta nemi kolestarol dan ta ƙera sabo, sai ta ƙara ƙugiyoyin nan ta jawo daga jini. Gaskiya abincin bai kai na da daɗi ba a satin farko, bakina ya saba da bota, matata tana cewa Abban yara haƙuri zakayi harshe baya wuce sati biyu ya saba, kuma haka akayi. Na'urar kiton bata sauka ba, tana nan tsakanin 0.8 da 1.5, wato ashe duk botar nan ba ita take riƙe dani a keto ba, rashin sitaci ne.

Sati takwas suka cika, LDL 158, HDL 57, TG 85, jimilla 232. Ya sauka da sama da 50 ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba, naji sanyi a raina amma likita tace da sauran tafiya, ga tarihin mahaifinka bana so in barka a nan. Anan ne ta kawo maganar da nake gudu, a dawo da sitaci kaɗan.

Lokacin nauyina ya kai 77 kuma na fara motsa jiki sosai, sai tace akwai abin lura, yadda keto yake taɓa LDL ya danganta da jikin mutum. A masu ƙiba sosai sau da yawa baya hawa wani lokacin ma sauka yake, amma siraran mutane su ne yake harbawa sama. Naje na karanta na ga haka ne, wani nazari da aka fitar a 2024 ya haɗa gwaje gwaje 41, masu BMI, wato ma'aunin nauyi gwargwadon tsawon mutum, ƙasa da 25 LDL ɗinsu ya ƙaru da kimanin 41, masu 35 zuwa sama kuma ɗan sauka yayi. A Suwidin ma anyi wani a 2021 akan ƴan mata masu lafiya marasa ƙiba, sati huɗu kacal suna keto, su 17 da suka kammala babu wadda LDL ɗinta bai hau ba. Har suna aka sakawa masu irin wannan a cikin ƴan keto, siraran da LDL ɗinsu yake kai 200 zuwa sama tare da HDL 80 zuwa sama da TG 70 zuwa ƙasa. Bayanin da ake bayarwa shine in ajiyar sukarin hanta ta ƙare kuma mutum bashi da kitse da yawa, sai hanta ta riƙa tura mai cikin jini da yawa dan a ƙona, ragowar ƙunshin su suke zama LDL. Akwai wani Nicholas Norwitz, lokacin yana ɗalibin likitanci a Harvard, da ya gwada a kansa, yana keto LDL ɗinsa 384, ya ƙara biskit ɗin Oreo 12 kullum na kwana 16 ya faɗo 111. Mutum ɗaya ne kuma shi kansa baice a ci biskit dan lafiya ba, amma ya nuna yadda dawo da sitaci yake iya saukar da lambar a irin wannan jikin. Wasu suna cewa irin wannan hawan bashi da illa, ni dai na tambayi kaina ko zan yarda in zama wanda za'a gwada wannan maganar a jijiyoyin zuciyarsa, da uba da ya tafi a 59 da yara uku da babbarsu bata gama firamare ba, naga bazan iya ba.

Na dawo da sitaci a hankali zuwa wajen giram 100 a rana, kuma ba sukari ko farin burodi ba. Ots da safe, wake ko lentil da rana, tuffa ɗaya, wani lokacin ɗan dankali dafaffe. Kwana huɗu sikeli ya nuna na ƙara kilo ɗaya da rabi, hankalina ya tashi na kira likita, tace Malam ruwan da ka zubar a satin farko ne ya dawo tare da ajiyar sukarinsa, ka bashi sati biyu ka gani in zai cigaba. Bai cigaba ba, ya tsaya a 78 da ɗan wani abu. Kiton kam ya sauka 0.2, wato na fita daga keto kenan a hukumance, kuma naji ba daɗi ranar, kamar na bar wani abu da na sha wahala na gina. Abinda nafi tsoro shine yunwar da, bata dawo kamar da ba, ina ganin dan furotin da mai da ganyen suna nan yadda suke.

Gwaji na gaba bayan wani sati takwas ɗin, LDL 121, HDL 54, TG 100, jimilla 195, ApoB 95, HbA1c 5.5. In ka ɗora akan takardar farko LDL ya ɗan fi na da kyau, TG kusan rabi, HDL ya ƙaru da 13, sukari ya fita daga layin haɗari. Af, wani abu da mai lab ya nuna min wanda ban sani ba, a yawancin takardu LDL ɗin ba aunashi ake kai tsaye ba lissafi ne, jimilla a cire HDL a cire TG raba biyar, ana kiransa lissafin Friedewald tun 1972 ake amfani dashi, kuma baya aiki in TG ya wuce 400. In takardarka a mmol/L take to ka ninka na kolestarol da 38.67 ka samu mg/dL, 190 ɗin nan shine wajen 4.9. Na faɗi haka ne dan wani abokina ya ga 5.6 a tasa yace ai nasa ƙasa yake sosai tunda yaji ina maganar ɗari biyu, alhali LDL 5.6 ya haura 215.

Maganar statin, wato maganin rage kolestarol, bata mutu ba. Likita tace a yanzu bata ga dole ba amma saboda mahaifina zamu sake zama, wataƙila ayi min hoton nan na CT da yake auna alli a jijiyoyin zuciya kafin a yanke shawara, kuma nace mata in ta ce in sha zan sha, da kam da nayi gardama. Ina da aboki da muka fara keto wata ɗaya, shi yafi ni ƙiba nesa ba kusa ba kuma har yau yana kai, da na matsa masa yaje yayi gwaji LDL ɗinsa ko motsi baiyi ba, TG ɗinsa ya sauka sosai, likitansa yace ya cigaba. Abinci kusan iri ɗaya muke ci lokacin, har kofin botar shi ya koya min.

Ranar da na karɓi sakamakon ƙarshe na kira yayata, dan itama ta fara keto bayan taga yadda na rame, kuma ita dama ba mai jiki bace. Nace Yaya kin taɓa auna kitsen jininki kafin ki fara, tace a'a ai ni lafiyata ƙalau ƙanena, jikina ma yafi min daɗi yanzu. Nace nima haka nace, na tura mata hoton takarduna guda biyar a jere, na tuna mata Baba. Tayi shiru a wayar na ɗan lokaci sannan tace to jibi zan je, in ce musu me da me. Na rubuta mata, na kitsen jini gaba ɗaya da ApoB da TSH da HbA1c, kuma ta tafi da jerin abinda take ci na kwana uku. Nawa gwajin na gaba nan da wata shida ne, na saka ranar a waya, takardun kuma suna cikin fayil ɗaya da takardun haihuwar yara.